Mutumin Da Ya Ɓata Wa Malama Kallo

A da, Malama Halima Sa'adiyya ba ta ɗauki kallon fim a bakin komai ba. Shekara da shekaru tana koyarwa a wata firamare a Roni, kuma duk sanda malamai 'yan'uwanta suka ɓarke da hirar 'yan wasa a ofis, sai ta jawo littattafan yara ta duƙufa a kan duba aikinsu, tana cewa a ranta, "Manya da ku!" Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta biyu suna ƙanana, ita ta yi ta fama har suka kawo ƙarfi. Macen ta yi aure, namijin kuma, Muhammad Sani, yana karatu a Kazaure, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Gida ya yi mata faɗi.

A cikin wannan faɗin ne ƙanwarta Ma'u ta zo daga Babura ta yi mata kwana biyu. Ranar da za ta koma ta karɓi wayar Malama ta tura mata wani shiri mai dogon zango.

"Yaya, ki kalli na farko kawai. In bai yi miki ba ki goge."

Ba ta goge ba. Labarin wata masarauta ce ta can da, wadda masu shirin suka ƙago. Sarki ya kwanta jinya, ɗansa Yarima Jalaluddeen shi ake sa ran zai gaje shi, amma ƙanin Sarki, Galadima Daudu, ya riga ya kama fada ya riƙe tamau. Shi kuwa Yarima, duk 'ya'yan sarakunan da ake nuna masa bai ga kowa ba sai Khadijat, 'yar wani marini, wadda take kawo rigunan fada idan an rina, hannuwanta shuɗi shar da baba har gwiwar hannu.

Abin da ya kama zuciyar Malama ba soyayyar ce kaɗai ba, ko da yake ita ma ta yi mata daɗi, don Yarima da Khadijat sun fi yin magana da shiru a kan baki. Zai miƙo riga ya ce launin ya kashe, ita kuma ta ce ba launin ne ya kashe ba, mai rigar ne ya cika yawo a rana. Shi ke nan hirar, amma mai kallo ya san an faɗi komai. Abin da ya fi burge ta shi ne yadda ake yaƙi a fadar ba tare da an zare takobi ba. Mutum zai faɗi ya yi gaisuwa har goshinsa ya taɓa ƙasa, alhali ya gama haƙa wa wanda yake gaisarwa rami. Sannan ga Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar Yarima, tsohuwar da ba ta ɗaga murya, tana zaune tana jan carbi, amma ko kaza aka yanka a gidan Galadima kafin a fige ta labari ya iso mata.

Ba a jima ba Malama ta zama ita ce uwar masu kallo a makarantar, sai dai da doka guda: kada wanda ya gaya mata abin da bai zo ba. Sabon kashi yakan fito tsakiyar mako, ita kuwa ba ta kallo sai Asabar, bayan ta gama wanki da shara, ta dama kununta, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Idan malamai suka soma, "Kun ga abin da Galadima ya yi?" sai ta toshe kunnuwa ta fice.

Wata Asabar bayan girbi aka sa sunan jikan Ma'u. 'Yarta Zubaida ce ta haihu, haihuwar fari, kuma a gidan Ma'u take wanka. Malama ta yi sammako ta hau acaɓa zuwa Kazaure, daga nan ta shiga bas ta Babura. Ta samu gefen taga, ta dafa ƙullin kayan barka a cinya. Da mota ta ɗau hanya sai ranta ya raya mata, to ga hanya, ga kashin wannan makon a waya ban kalla ba, me zai hana? Ta kunna, ta rage murya, ta kara wayar kusa da fuska.

Kashin kuwa ya zo da zafi. An kawo wa Yarima fura a ƙwarya daga gidan Galadima, an rufe da faifai mai ado, wai baffansa ne ya aiko don a daidaita. Mai kallo ya ga lokacin da aka barbaɗa wani abu a ciki, Yarima bai gani ba. Ya buɗe faifan, ya ɗauki ludayi, ya juya. Malama ta dafe ƙirji. Ba ta san sanda ta ce, "Kada ka sha, ɗan nan!" ba.

Sai wata murya daga kujerar baya ta ce, cikin natsuwa da tausayi, "Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba zai sha ba. Uwarsa ce za ta shigo ta karɓe ta shanye."

Malama ta tsayar da fim ɗin. Ta juyo a hankali. Wani dattijo ne dogo, siriri, fari, da ɗan gemu mai furfura da hula zanna, ya miƙo wuya ta saman kafaɗarta kamar zalɓe a bakin tafki. Da gani ya daɗe yana kallon tare da ita.

"Malam," in ji ta, "na tambaye ka?"

"A'a, na ga hankalinki ya tashi ne..."

"Hankalin nawa ne ko naka? Mako guda ina ɓoye kunnena, na tsere wa malamai, na tsere wa maƙwabta, ashe kai ne ajalin kallona a cikin mota!"

Motar ta kwashe da dariya. Wata mata a gefenta ta ce, "Wallahi bai kyauta ba, ni ma ban kai wajen ba." Direba ya leƙo ta madubi ya ce shi dai da zai samu Galadiman nan a hanya da bai taka birki ba. Nan fa mota ta ɗau zafi, kowa da abin da yake faɗa, kowa yana tsine wa Galadima. Dattijon nan, maimakon ya yi shiru ya ji da kunyarsa, sai ya gyara murya.

"Ku yi masa adalci dai. Mugu ne, ban ce ba mugu ba ne. Amma shekarar da aka yi fari a cikin shirin, wa ya buɗe rumbunansa ya ciyar da gari? Yarima yana ina? Yana bakin marina yana duba launin riga."

"Au, har kare shi kake yi?" in ji Malama. "Mutumin da ya sa wa ɗan wansa guba?"

"Ban kare gubar ba, Hajiya. Cewa na yi ƙasa ba ta riƙuwa da kyan fuska."

"Kuma ba ta riƙuwa da furar mutuwa."

Sai dattijon ya yi murmushi ya ce, "Kin yi gaskiya. Ki yafe ni, bakina ne ya riga hankalina." Ta kashe wayar ta jefa a jaka, ta juya ga taga tana kallon karan dawa da aka tattara a gonaki har suka shiga Babura.

Gidan Ma'u ya cika maƙil. Malama ta ɗauki jariri ta yi masa wasan kaka, ta ce wannan mijin nata bai zo da ko ƙyalle ba. Ta ci tuwo, ta gaisa da dangi, ta ba Ma'u labarin mutumin mota har da kwaikwayon yadda ya miƙo wuya, mata suka yi ta dariya. Bayan la'asar aka yi sallama, aka ce dangin uban jariri za su shigo su ga ɗa. Mata suka gyara mayafi. Mutum na biyu da ya sako kai zaure, da hularsa zanna, shi ne.

Ma'u ta ce, "Yaya, ga Baffa Muhammadu Lawal, ƙanin mahaifin mijin Zubaida. Shi ya ba da ragon suna." Sai ta ga yadda fuskokin biyu suka yi, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta toshe baki da gefen mayafi ta ruga ɗaki. Daga ciki ana jiyo dariyarta.

Malam Muhammadu Lawal ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kamar bai taɓa ganinta ba, kunnuwansa sun yi ja. Bafulatani ne, iyayensa makiyaya, shi kuma yanzu yana noma a Kanya Babba, yana kuma harkar dabbobi a kasuwar Babura. Matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'yansa duk sun yi aure, daga shi sai tsohuwarsa a gida. Duk wannan Ma'u ce ta zayyana mata daga baya, ba tare da an tambaye ta ba.

Washegari da safe, Malama tana haɗa kaya, sai ga saƙo daga Malam Muhammadu Lawal: ƙwaryar kindirmo da kwalbar man shanu. Ma'u ce ta shigo da su tana ƙunshe dariya.

"Wai in gaya miki wannan na ban haƙuri ne. Kuma wai ya san bai isa ba, don haka ya yanke wa kansa hukunci. Daga yau ya daina kallo. Zai tsaya inda yake har ki wuce shi, sannan ki kira shi ki ɓata masa, ki rama. Ga lambarsa ya ba maigidana."

"Shirme," in ji Malama. "Dattijo da shi." Amma ta karɓi man shanun, don mai kyau ne, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Lambar kuwa Ma'u ce ta sa mata a waya da hannunta.

Makonni suka wuce. Mai Babban Ɗaki ta sha furar kamar yadda aka faɗa, ta faɗi, aka ɗauke ta, fada ta shiga makoki. Malama ta kalla ba tare da ta razana ba, tana jin haushin mutumin Babura sabo fil. Sai wata Asabar shirin ya juya juyin da ba wanda ya zata. Ashe tsohuwar ba ta mutu ba. Ta san da gubar tun kafin a dama furar, ta riga ta sha makarinta, ta kwanta ta yi kamar ta tafi don ta ga su wane ne za su fara zuwa gidan Galadima yin mubaya'a. Kuma ba kowa ya ɓoye ta ba sai Khadijat, a bayan marinar ubanta, cikin tulin shuɗɗan zannuwa.

Malama ta miƙe tsaye a kan tabarma, ita kaɗai a tsakar gida, tana tafa hannu. Ta rasa wanda za ta gaya wa. Malaman makarantarsu ba abin da ya dame su sai yaushe za a ɗaura auren Yarima. Ba mai tsayawa ya yaba wa dabarar tsohuwa. Ta zauna, ta tashi, ta ɗauki waya ta ajiye. Can dai ta danna.

"Salamu alaikum. Malama Halima ce, ta Roni."

"Wa alaikumus salam! Malama, ina wuni, ya gida, ya yara..."

"Mai Babban Ɗaki ba ta mutu ba."

Sai ta ji ya ce, "Innalillahi! Ba ta mutu ba?"

"Tana bayan marina. Khadijat ce ta ɓoye ta."

"Kash! Kash, Malama, kin gama da ni!" Yana faɗa yana dariya, har tana jiyo kukan tumaki a bayansa. "Wallahi tun ranar sunan ban kalla ba. Abokaina a kasuwa har sun fara cewa ko na shiga wata ɗariƙa ce. To yanzu mun yi daidai?"

"Mun yi daidai," in ji ta, ta ji wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Ta yi niyyar kashewa, sai ya ce, "To amma tsaya, ta yaya ta san da gubar?" Ba su ajiye waya ba sai da aka kira la'asar.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowa ya kalla ranar Asabar, da yamma a yi waya a baje shi. Ba su cika yarda da juna ba. Shi yana ganin Yarima yaro ne mai kirki amma bai san wahalar talaka ba. Ita tana ganin wanda ya iya ganin darajar 'yar marini a cikin 'ya'yan sarakuna ya riga ya san talaka. Shi yakan lura da dawakai, ya ce wancan dokin da suka ba Sarkin Yaƙi ba ya cin abinci sosai. Ita takan lura da magana, ta maimaita masa abin da Waziri ya faɗa, ta nuna masa inda zancen yake da baki biyu. Ya ce shi bai taɓa sanin ana kallon fim da kunne ba sai a wajenta.

Sannu a hankali hirar ta fara zarcewa. Ranar da aka nuna Sarki yana wasiyya, Malam Muhammadu ya ba ta labarin jinyar matarsa, yadda ya riƙa kai ta asibiti a bayan babur tana riƙe da rigarsa. Ita ma ta gaya masa abin da ba ta saba gaya wa kowa ba, yadda shirun gida yake yi mata nauyi idan ta dawo daga makaranta. Ba wanda ya yi wa wani dogon jaje. Da suka gama ya ce, "Allah ya ji ƙansu," ta ce, "Amin," suka koma kan Galadima.

Muhammad Sani ne ya fara ganewa. Ya zo hutun mako ya tarar da ita tana dariya a waya, da ta ajiye ya ce, "Umma, wannan Galadiman na Babura yana lafiya?" Ta jefe shi da mafici. Ya kauce yana cewa shi dai ba ruwansa, amma man shanun da ake kawowa gidan nan kwanan nan ya fi na kasuwa.

Da damina ta kusa, Malam Muhammadu ya ce mata yana so ya je Gwiwa ya gaida Yaya Ahmad, wanta, wanda yake shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Malama ta gane. Ta ce ya ba ta lokaci. Ta yi kwanaki tana juya abin. Ba ƙinsa take yi ba, ta san haka sarai. Amma aikinta fa? Yaran ajinta, da gidan da ta rayu a cikinsa, da darbejiyarta? Kuma me mutane za su ce, mace da jika a hanya?

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama.

"Malama, ban ce ki bar aikinki ba. Ki zauna a Roni har Allah ya sa a yi miki canjin wurin aiki, in ma ba a yi ba shi ke nan. Ni ɗan makiyaya ne, a kan hanya aka haife ni. Kakana da ƙafa yake kai shanu har cikin Nijar, ni da ga mota ga babur zan ce Roni ta yi nisa? Maganar mutane kuwa, za su yi ta mako guda, sai wani abin ya taso su koma can."

Ya je Gwiwa da abokinsa da ƙwaryar goro. Yaya Ahmad, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, mutum ne mai son bin diddigi. Bayan an gaisa an yi bayani, ya tambayi asali, ya tambayi sana'a, duk ya gamsu. Sannan ya ce, "To a ina kuka san juna?"

Malam Muhammadu ya sunkuyar da kai. "A mota, ranka ya daɗe."

"A mota? Wani taimako ka yi mata?"

"A'a. Laifi na yi mata."

Da aka warware masa zancen, Yaya Ahmad ya yi dariya har da share hawaye. A ranar ya kira ƙanwarsa ya ce, "Halima, ke da kike mana wa'azi a kan kallon fim?" Sannan ya sassauta murya ya ce ya bincika, mutumin kirki ne, in tana so shi ya ba shi. Ta ce, "Duk yadda ka gani, Yaya." Ya ce, "Ba yadda na gani ba, yadda kika gani." Ta ce, "Na gani."

Aka ɗaura aure ba da wani taro mai yawa ba, aka yi walima a gidan Ma'u, wadda ta riƙa bin mutane tana gaya musu ita ce ta tura fim ɗin, don haka ita ce uwar auren. Lokacin hutun makaranta ne, sai Malama ta tare a Babura. Gidan yana da faɗi, da garken tumaki a baya, da tsohuwarsa, Inna, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido wadda Hausarta take fita da ƙyar, ta fi sakewa da Fulatanci. Tun ranar farko ta kama hannun Malama ta jujjuya, ta ce hannun mai aiki ne, ta sa mata albarka.

A cikin hutun ne kashin ƙarshe ya fito. Ranar Asabar bayan azahar, an yi ruwa da safe gari ya yi sanyi, suka shimfiɗa tabarma a rumfa, Malam Muhammadu ya jingina wayar da ƙwarya. Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a gefensu, ta ce bari ta ga abin nan da ya hana ɗanta zuwa garke da wuri.

Sarki ya rasu. Mai Babban Ɗaki ta fito a gaban masu zaɓen sarki, da ranta, fada ta kaɗa. Aka naɗa Jalaluddeen. Kowa ya zaci zai sa a kashe baffansa, sai ya tuɓe masa rawanin Galadima, ya tura shi can bakin iyaka ya kula da rumbunan ƙasa, ya ce wanda ya iya ciyar da gari a shekarar fari ba a zubar da shi, amma ba a kuma ba shi makullin fada. Malam Muhammadu ya buga cinya ya ce yaron nan ya girma. Khadijat kuwa aka kawo ta fada a kan doki, kuyangi suka kawo lalle za su rufe shuɗin hannunta, sabon Sarki ya ce a bar shi haka. Malama ta share ido da bakin mayafi, ba ta ɓoye ba.

Da rubutun ƙarshen shirin ya fara hawa, suka juya ga Inna.

"Inna, ya kika gani?" in ji Malama.

Tsohuwa ta taɓe baki, ta yi wata doguwar magana da Fulatanci tana nuna wayar da yatsa. Malam Muhammadu ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Me ta ce?"

"Wai ta ga dawakai, ta ga riguna, ta ga gidaje. Amma tun daga farko har ƙarshe ba ta ga saniya ko ɗaya ba. Wai wane irin sarki ne wannan, kuma iyayen yarinyar da me suka dogara suka ba shi 'yarsu?"

Malama ta yi dariya har ta riƙe ciki. Inna ta dube su su biyun, ta girgiza kai, ta miƙe tana dogara sandarta, ta ce da Hausarta mai karyewa a tashi a ba tumaki dusa, rana ta yi. Malam Muhammadu ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, Malama ta naɗe tabarma, suka bi bayanta zuwa garke.